Illar Ragowar Yuraniyam ga Ƙoda

Yuraniyam ƙarfe ne mai nauyi da ake haƙowa daga ƙasa, kamar yadda aka soma yi a Arlit ta Jamhuriyar Nijar a shekarar 1971. Idan aka tace shi domin tashoshin nukiliya, abin da ya saura shi ake kira ragowar yuraniyam. Saboda tsananin nauyinsa, akan ƙera harsasan huda tankokin yaƙi da shi, irin waɗanda Amurka ta harba a Yaƙin Tekun Fasha na 1991.

Mutane da dama sun ɗauka tururin nukiliya ne babban haɗarinsa. A haƙiƙa, gubarsa ta ƙarfe ce abin tsoro, tamkar dalmar da ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, kuma ƙoda ce kan fara jin jiki. Idan mutum ya shaƙi ƙurarsa ko ya sha shi a ruwa, wani kaso yakan shiga jini. Ƙoda takan tace mafi yawansa, ta fitar ta fitsari cikin kwana guda. Wani kaso na sauran kuwa yakan maƙale a ƴan siraran bututun da ke mayar wa jini sukari da furotin, ya lalata su. Daga nan sai waɗannan abubuwa su riƙa zuba cikin fitsari, alhali mutum bai ji ciwo ba tukuna.

Ko inda ba a yaƙi, duwatsun ƙarƙashin ƙasa kan ƙunshi ɗan yuraniyam na asali, wanda gubarsa ga ƙoda ɗaya ce da ta ragowar. Wannan ya shafi masu shan ruwan burtsatse, kamar mutanen Gwarzo da Kabo, domin gwaji kaɗai ke nuna shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada ya wuce maikurogiram 30 a lita guda.