Daga Matamaye Zuwa Jidda: Hanyar Mota Ta Fi Ta Sama Cin Lokaci

Tazarar da ke tsakanin Yamai da Jidda ta sama ta kai kimanin kilomita 4,000, kuma jirgin da ya tafi kai tsaye kan kwashe awa 5 zuwa 6. Sai dai ga maniyyacin Matamaye da zai tashi daga filin jirgin Diori Hamani, wahalar a ƙasa take.

Kafin ya ga jirgi, sai ya shafe kusan kilomita 900 a mota, tafiyar sama da awa 12, yana nufar yamma alhali Makka na gabas. Daga Damagaram kuwa, Jidda ba ta wuce kimanin kilomita 3,300 ba.

Yaƙin Sudan da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya sa jirage kauce wa sararin samaniyar ƙasar, abin da ya ƙara tsawon tafiyar. Ga kuma agogon Saudiyya da ke gaba da na Nijar da awa 2.

Don haka tsofaffi da masu shan magani kan lokaci su yi shirin tafiyar kwana guda cur, ba ta awa 6 ba.