Hunhuna mai korar hunhuna: mu kare gyaɗarmu tun daga gona

'Yan uwa mata, da yawanmu a Kurfi da Dutsin-Ma da rancen asusu muke sayen gyaɗa, mu yi mai da ƙuli-ƙuli. In ta yi hunhuna, jari ya karye, ga bashi a wuya. Mafi muni, wata hunhunar tana barin guba mai suna afulatoksin, wadda ko suya ba ta kashe ta. Tana lalata hanta, tana hana yara girma.

Ita wannan hunhuna iri biyu ce: mai guba da marar guba. Masana a cibiyar IITA ta Ibadan sun zaɓo marar gubar, suka shafa ta a ƙwayar dawa mai launin shuɗi, ana ce mata Aflasafe. Ana watsa kilo 10 a hekta ɗaya, sati 2 zuwa 3 kafin fure, lokacin da ƙasa ke da danshi. Sai marar gubar ta yaɗu, ta riga mai gubar kama wuri.

A kula: dawar nan ba ta ci ba ce. Kuma ba ta ɗauke mana shanya a kan tabarma da tsince ruɓaɓɓu. A taro na gaba, mu gayyato malamin gona ya nuna mana yadda ake watsawa, mu haɗa kuɗi mu saya tare.