Koyar da Yara Mutuwar Almasihu a Madadinmu

Kalmar "fansa" ita ce wuri na farko da malamin makarantar Lahadi yakan yi tuntuɓe. Yaron da ya tashi a Doguwa ko Tudun Wada, kusa da dajin Falgore, ya riga ya ji manya suna zancen kuɗin fansar da ake kai wa masu garkuwa da mutane. Ya kuma san "ɗaukar fansa", wato ramuwa. In muka ce masa Yesu ya fanshe mu muka tsaya nan, zai iya ɗauka cewa Allah ne ya tsare mu sai an biya shi. Saboda haka mu fara da "a maimakon", kalmar da ɗan shekara 6 ya sani.

Farawa 22:13 ta ba mu ƙofa: Ibrahim ya miƙa rago a maimakon ɗansa Ishaku. Yaranmu a Bebeji da Kiru suna ganin ragon layya a gidajen maƙwabta kowace Babbar Sallah, don haka hoton ba baƙo ba ne gare su. (Ba wurin tura yara gardama da abokan wasansu a kan sunan ɗan ba ne.) Amma rago bai zaɓi mutuwa ba. Yahaya 10:18 ta nuna Yesu da kansa ya ba da ransa, ya kuma sāke ɗaukarsa. Kada darasi ya ƙare a kabari.

Akwai misalin da muke roƙon masu bishara su bari: uba ya fusata da ƙane, sai ya zane wa. Yaro yana da kunnen adalci, nan take zai ga zalunci, ya ji tsoron Uba. Alhali 2 Korantiyawa 5:19 tana koya mana Allah ne, cikin Almasihu, yake sulhunta duniya da kansa.

Gara misalin gona. Yaro yana kiwo, barci ya kwashe shi, awaki suka cinye masarar maƙwabci. Mai unguwa ya yanke biyan ɓarna, yaron kuwa ba shi da ko sisi. Sai mai gonar ya ce ya ɗauke. A nan mu tambayi yaran: to, masarar ta dawo? A'a. Rumbun wa zai ragu bana? Mu bar su su amsa da bakinsu, sa'an nan mu buɗe Ishaya 53:5-6 mu karanta tare, a hankali.