Makarantar Bakin Kogi

'Yan'uwa ɗalibai, ga inda na fara koyon malanta. Da hutun hunturu mahaifinmu yakan kai mu bakin kogi, domin lokacin nan ruwa ya janye, kifi ya taru a gurbi, magarya da kanya kuwa sun nuna. Manya su jefa fatsa, mu yara mu tsinko 'ya'yan itace, mu samo kirare, mu taya inna gasa tarwaɗa.

Ran nan na ciji ɗanyar kanya, bauri ya ɗaure mini baki. Baba yana kallo, bai hana ni ba. Sa'an nan ya nuna mini yadda ake gane nunanna. Har yau ban manta ba.

To, malaman gobe, ku bar yaro ya gwada da hannunsa. Amma wuta da ruwa mai zurfi, sai da babba a kusa.