Kowane banki da abokin karawarsa: yadda ake rarrabe rukunan bankuna a Najeriya

Ba duka bankunan da ke ƙasa ɗaya ne suke gasa da juna kai tsaye ba. Hukuma ɗaya ce ke ba su lasisi, dukansu kuma ajiya suke karɓa su ba da rance, amma wanda ya sa ido zai ga sun rabu gida-gida, kowane gida da irin mutanen da yake nema da hanyar da yake bi ya ci riba. A Kantin Kwari ma haka abin yake: mai sauke kwantenar atamfa da mai yankan yadi biyar duk tufa suke sayarwa, amma ba ciniki ɗaya suke jira ba. Masana harkar kasuwanci suna kiran irin wannan gida rukunin masu dabara ɗaya. Michael Hunt ne ya fito da ra'ayin a 1972, cikin binciken digirinsa na uku a Jami'ar Harvard kan kamfanonin kayan lantarki na gida a Amurka, daga baya Michael Porter ya faɗaɗa shi a 1980.

Mai son gano rukunan yakan zaɓi ma'auni biyu ko uku da suke raba bankuna da gaske, ya jera kowane banki a kansu, ya ga waɗanda suka taru wuri guda. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar ma'aunai masu tafiya tare, kamar yawan kadara da yawan rassa, domin abu ɗaya suke faɗa. Tambayoyin da suka fi amfani su ne daga ina banki yake samun kuɗi, wa yake ba rance, kuma ta wace ƙofa mutane suke isa gare shi. Ta farkon ce ta fi nauyi. Bankin da miliyoyin ma'aikata da 'yan kasuwa suka zuba kuɗinsu a asusun yau da kullum yana samun kuɗi da arha, domin abin da yake biyansu bai taka kara ya karya ba. Wanda kuwa sai ya lallashi manyan kamfanoni da ruwa mai tsoka kafin su ajiye masa kuɗi, da tsada ya fara ciniki tun kafin ya ba kowa rance.

A Najeriya doka ce ta fara shata iyakoki. A 2004 gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, Charles Soludo, ya ɗaga mafi ƙarancin jari daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25, bankuna 89 suka koma 25 a ƙarshen 2005. A 2010, zamanin magajinsa Sanusi Lamido Sanusi, aka raba lasisi zuwa na ƙasa da ƙasa, na ƙasa baki ɗaya da na yanki. A watan Maris na 2024 Babban Bankin Najeriya ya sake ɗaga jarin: biliyan 500 ga na farko, 200 ga na biyu, 50 ga na uku. Sai dai lasisi mafari ne kawai. Bankuna biyu na iya riƙe iri ɗaya alhali dabararsu ta yi hannun riga.

Rukunin da ya fi fitowa fili shi ne na manya biyar: First Bank, wanda tarihinsa ya faro daga 1894, da UBA, GTBank, Access da Zenith. Su ne ke da rassa a ko'ina da ajiya mai arha, su ne kuma ke iya ɗaukar nauyin rancen kamfanonin mai, siminti da sadarwa. UBA yana aiki a ƙasashen Afirka 20. Ƙarƙashinsu akwai matsakaita irin su Fidelity, FCMB, Sterling da Wema, waɗanda tilas kowanne ya nemi lungun da zai yi fice. Wema, alal misali, ya buɗe manhajar ALAT a 2017 don masu hulɗa ta waya. Citibank da bankunan 'yan kasuwa irin su Coronation da FSDH kuwa manyan kamfanoni kaɗai suke hulɗa da su, ba ruwansu da layin masu cire albashi.

Bankunan da ba sa ta'ammali da kuɗin ruwa rukuni ne na daban, kuma girma bai shiga cikin dalilin ba. Jaiz ya fara aiki a 2012 da rassa a Abuja, Kaduna da Kano, TAJBank ya biyo baya a 2019, Lotus a 2021. Ba sa ba da kuɗi a biya da ƙari. Sukan sayi kaya su sayar wa mutum da ribar da aka amince da ita, ko su ba da haya, ko a yi tarayya. Hakan na buƙatar kwamitin malamai masu sa ido da ma'aikatan da suka san murabaha da ijara, wato sayarwa da riba da kuma haya, da kuma wurin juya rarar kuɗi kamar sukuk, wanda gwamnatin tarayya ta fara fitarwa a 2017.

Abin da ke tsare kowane rukuni shi ne wahalar shigarsa. Matsakaicin banki ba ya wayar gari ya tara rassa ɗaruruwa da amincewar da aka gina shekara da shekaru. Gajeriyar hanya ita ce haɗewa, kamar yadda Access ya haɗe da Diamond a 2019, ya sami ɗimbin ƙananan masu ajiya da a da bai da su.

Amma iyakokin ba sa zama wuri ɗaya. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, manhajojin bankuna da dama sun yi ta sarƙewa, mai shayi da mai kayan miya suka koma OPay, PalmPay da Moniepoint, inda kuɗi ke shiga nan take. A takarda waɗannan ba bankunan kasuwanci ba ne: Moniepoint da takwaransa Kuda lasisin ƙananan bankuna suke da shi. Duk da haka mai POS da ke zaune ƙarƙashin laima a bakin tasha, da na'urarsa da 'yar jakar kuɗi a ƙugu, yana yin aikin da a da sai an shiga reshe. Ajiya mai arha da manyan bankuna suka dogara da ita, ita ce waɗannan kamfanoni suke yagar rabonsu a ciki. Saboda haka mai nazarin da ya rarraba bankuna bisa lasisi kaɗai zai bar su a waje, lissafinsa kuma ya fito da giɓi. Dole a riƙa sabunta rabon bayan 'yan shekaru, musamman da ƙa'idar jari ta 2024 ta tura wasu bankuna ga haɗewa ko sauya ajin lasisinsu.