Yadda Ake Ceto Jikin Tsohuwar Dodge Charger Daga Tsatsa

Wanda ya kalli fim ɗin The Fast and the Furious na 2001 zai tuna baƙar motar nan da ta ɗaga tayoyin gaba sama a ƙarshen fim, Vin Diesel na riƙe da sitiyari. Dodge Charger ce ƙirar 1970, ɗaya daga cikin motoci masu ƙwanji da Amurka ta yi yayinsu: ƙofa biyu, matsakaicin jiki, sai a cusa mata ƙaton inji mai silinda takwas. Yayin ya soma da Pontiac GTO a 1964, bai cika shekara goma ba tsadar inshora da dokokin hayaƙi da rikicin man fetur na 1973 suka kashe shi. Charger ɗin da aka fi nema yau su ne na 1968 zuwa 1970, musamman masu injin 426 Hemi mai lita 7 da ƙarfin doki 425, ko 440 Magnum mai ƙarfin doki 375. Shirin talabijin na The Dukes of Hazzard kaɗai, daga 1979 zuwa 1985, ya ragargaza Charger fiye da 200 wajen tsalle-tsalle. Abin da tsatsa ta ci a shiru ya ninka haka nesa ba kusa ba.

Mai son farfaɗo da irin wannan mota ba inji ke hana shi barci ba. Inji ƙarfe ne mai kauri, ko ya shekara talatin a kwance ana iya kwance shi a wanke a sake masa kayan ciki. Jiki ne matsala, domin fallen ƙarfen da aka yi shi da shi kaurinsa wajen milimita 1 ne kacal.

Tsatsa na buƙatar abu uku: ƙarfe, ruwa da iska. Gishiri ba ya cikin ukun, amma shi ke ingiza su, don ruwan gishiri ya fi ruwa zalla ɗaukar lantarki, kuma cin tsatsa a asalinsa tafiyar lantarki ce tsakanin wani sashe na ƙarfe da wani. A jihohin arewacin Amurka irin su Mishigan da Ohayo ana watsa gishiri a tituna duk lokacin hunturu don ya narkar da ƙanƙara. Birnin Ditroit kansa, cibiyar ƙera motocin, yana zaune ne a kan mahaƙar gishiri mai zurfin sama da mita 300. Ga shi a wancan zamani ba a yawaita shafa wa ƙarfen mota tutiya ba, sai daga baya a shekarun 1980. Shi ya sa gangar jikin da ta yi rayuwarta a busasshiyar jiha kamar Arizona take da tsada ko babu inji a cikinta. (Mai sayen motar da aka shigo da ita daga Amurka ta Kwatano ko Legas, ya duƙa ya leƙa ƙarƙashinta, gishirin nan bai daina aiki ba.)

Charger tana da nata wuraren rauni, kuma duk wanda ya saba da ita ya san inda zai fara kai hannu. Gilashin bayanta a nutse yake tsakanin ginshiƙai biyu na rufi da suka zarce baya, abin da ya ba ta kyan da ake so ke nan. Sai dai kwarmin da gilashin ke zaune a ciki yana tara ruwa da ƙura da ganye. Idan kwarmin ya huje, ruwa ya riƙa ɗiga cikin but, ya kwanta a ƙarƙashin shimfiɗa, ya ci ƙasan but ɗin, ya gangara aljihunan da ke bayan tayoyin baya. Da yawansu kuma an lulluɓe rufinsu da leda mai kama da fata tun daga kamfani, ita ma tana riƙe laima. Tsatsa kamar gara take a jikin azara: daga ciki take ci. Ƙurjin da ka gani ya taso a fenti ba farkon ciwon ba ne, alama ce ta riga ta ratso ƙarfen daga baya.

Wani abu da ya sa lamarin ya wuce batun kwalliya shi ne motar ba ta da shasi na daban da aka ɗora jiki a kai. Kamfanin Chrysler da ya ƙera ta ya haɗe jiki da ƙashi wuri guda. Daɓen ƙasa, da dogayen akwatunan da ke ƙarƙashin ƙofofi, da layukan ƙarfe biyu na gaba da biyu na baya, su ne ke ɗauke da nauyin komai. Sandunan murɗa da ke riƙe tayoyin gaba sun kafe ne a wani ƙarfe da ya gitta ƙarƙashin daɓen, sifirin na baya kuma a layukan baya. In waɗannan suka ruɓe, injin doki 425 zai riƙa murɗa jikin da ba shi da ƙarfin tare shi. Ga shi babu cikakken ginshiƙi tsakanin tagar gaba da ta baya da zai taimaka.

Aikin farko tonon asiri ne. Ana bin jiki da mayen ƙarfe, inda ya ƙi kamawa akwai fila mai kauri a ƙasa. Ana caccakar wuraren da ake zargi da sukundireba. Daga nan a cire komai, har tankin mai, wanda ke manne a ƙarƙashin but, daidai inda za a yi ta tartsatsi. Sai a tuɓe fenti har ƙarfe ya fito tsirara, ko ta feshi da garin kwalba ko soda ko ɓawon gyaɗar turawa, ko ta tsoma gangar jikin gaba ɗaya cikin kwamin sinadari. Feshi da yashi yana kumbura faffaɗan wuri kamar rufi da bonet, ƙurarsa kuma tana lalata huhu. A wannan mataki ne mota mai kyan ɗan maciji take bayyana: tsohon faci da aka ɗora a kan tsatsa, ragar waya da aka cusa a rami aka shafe da fila, wani lokaci har da takardar jarida.

Tsatsar sama-sama, wadda ba ta rage kaurin ƙarfe ba, ana goge ta a wanke da sinadarin fosforik asid, ya mai da ragowarta wani baƙin ɓawo da fenti ke iya kamawa. Wadda ta huda kuwa ko ta sirantar da ƙarfe, maganinta yanka. Ana wuce iyakar ruɓar da santimita biyu ko uku har a kai ƙarfe mai cikakken kauri, don walda a kan siririn ƙarfe ramuka kawai take buɗewa.

Amma kafin a yanka wani babban wuri sai an ɗaure motar. Ana jera ta daidai a kan teburin ƙarfe ko jakuna, a walda bututu masu kusurwa huɗu a giciye cikin bakin ƙofofi da tsakanin gefe da gefe, a auna a rubuta. Wanda ya cire daɓe da gefen baya lokaci guda ba tare da wannan ba, jikin zai sauka da 'yan milimitoci bai sani ba, sai ran da ya zo rataya ƙofa ta ƙi rufuwa. Gwanaye sukan bar ƙofofin a rataye, a daidaice, su zama ma'aunin da za a jera sabon ƙarfe a kansa.

Sabon ƙarfen ba wuyar samu yake ba yanzu. Kamfanin Auto Metal Direct na jihar Jojiya yana sayar da kusan kowane falle na Charger, daga daɓe har gefen baya sukutum. Sai dai babu sabon fallen da ke zama daram a jikin motar da ta haura shekara hamsin. Ana ɗora shi a kama da ƙananan sukurori, a rufe ƙofa da murfin but a duba tazara, a cire a rage a sake ɗorawa, sau da dama, kafin a kunna injin walda. Ni a ganina inda ruɓar ba ta da faɗi gara a yi faci a bar ƙarfen asali, domin shi aka buga a ma'aunin kamfani. Akwai kuma wuraren da ba a wasa da su. Chrysler ya buga lambobi a jikin ƙarfen da ke riƙe lagireto da kuma leɓen but, waɗanda masu saye ke gwadawa da takardun mota don tabbatar da asalinta. Ciro lambar shaidar wata mota a manna wa wata kuwa laifi ne a dokar Amurka.

Walda iri biyu ce a jikin mota. Kamfani ya haɗa fallayen ne da ɗigon lantarki, dubbai, a bakin da falle ya hau kan falle. Ana huda kowane ɗigo da diril na musamman da ke yanke na sama ya bar na ƙasa. Wajen mayarwa sai a huda ramuka masu faɗin milimita 8 a bakin sabon fallen, a matse shi tam da na ƙasa, a cika kowane rami da walda, a fara daga tsakiya don wutar ta kama na ƙasan. Wannan ba shi da wuya sosai.

Mai wuyar shi ne faci a tsakiyar fili, kamar gefen baya na Charger da ya kusa mita biyu babu abin da zai ɓoye kuskure. Hanya mai sauƙi ita ce a ɗora bakin faci a kan tsohon ƙarfe a walda. Tana da sauri, amma ta bar aljihu tsakanin fallaye biyu inda laima za ta zauna, kuma an mayar da ciwon da aka zo cirewa. Aikin ƙwarai baki da baki ne: faci ya shiga ramin daidai, tazarar ba ta wuce kaurin wayar walda ba, kusurwoyinsa a zagaye don zafi kada ya taru wuri ɗaya. Ana kuma zaɓar inda layin zai bi, kusa da wata karya ta jikin mota inda ƙarfe ya fi tauri, kuma inda hannu zai kai ta baya.

Dalilin duk wannan taka-tsantsan zafi ne. Ƙarfe in ya yi ja yana so ya faɗaɗa, amma mai sanyin da ke kewaye da shi ya hana shi, sai ya dunƙule a inda yake. Da ya huce sai ya tsuke fiye da yadda yake a da, ya jawo na gefensa. Kowane ɗigon walda yana yin haka. Wanda ya ja dogon layi a tafi ɗaya, kamar yadda ake yi a ƙofar gida ko tankin ruwa, zai ga fallen ya yi tudu da kwari, in ka danna ya lotsa, in ka saki ya dawo da ƙara. Saboda haka ba a ja, ɗigawa ake yi. A ɗiga nan, a tsallaka can nesa a ɗiga, a jira har hannu ya iya taɓa wurin, sannan a ɗiga tsakanin na farko, haka har ɗigo ya haɗu da ɗigo layin ya rufe. Facin da bai wuce tafin hannu biyu ba yana iya cin rabin yini. Tsakanin zagaye da zagaye ana tara dunƙulen ƙarfe ta baya a bubbuga ɗigon da guduma, a hankali, don a miƙar da abin da ya tsuke.

Yawancin masu wannan aiki a Amurka injin walda na MIG suke amfani da shi, da waya mai kaurin milimita 0.6 da gas mai kashi 75 na agon da 25 na kabon dayoksaid da ke kare narkakken ƙarfe daga iska. Yana da sauƙin koyo, amma waldarsa tauri gare ta, tana iya tsagewa in an matsa mata da guduma. TIG ya fi shi tsabta da laushi, ya kuma fi neman gwaninta. Waldar gas, wadda fanal bitocinmu suka saba da ita, ita ma laushi gare ta kuma tana karɓar guduma, illa dai tana baza zafi da faɗi. Injin walda mai sanda kuwa ba na nan ba ne, huda fallen zai yi. Inda rami ya buɗe ana tara guntun jan ƙarfe ta baya, domin walda ba ta manne masa, ya tare narkakken ya kuma janye zafi.

Gugar walda ma tana da nata tarko. Dutsen guga yana haifar da zafi kamar wuta, kuma in aka sake shi ya ci gefe sai ƙarfen ya sirance. Tudun waldar kaɗai ake ci. Bayan nan a kashe fitilar gareji a haska tocila ta baya, duk inda haske ya ɓullo rami ne komai ƙanƙantarsa, a koma a cike. Haɗari biyu kuma ya kamata a sani: hayaƙin tutiya na sa zazzaɓi, kuma maganin wanke birki mai sinadarin kulorin in ya gamu da wutar walda yana iya zama gas mai kisa.

A inda rufi ya haɗu da gefen baya, kamfani da darma ya shafe mahaɗin. Masu son bin asali har yau suna narka gaurayen darma kashi 70 da kuza kashi 30, su baje da katakon da aka shafa wa kitse. Sai dai gubar darma ba wasa ba ce, ba a goge ta da inji. Filar da kowa ya sani, irin su Bondo, ta fito ne a shekarun 1950. Ba ta da laifi in an yi ta siririya, milimita biyu ko uku, a kan ƙarfe mai lafiya. Laifin na wanda ya toshe rami da ita ne, don tana shan ruwa ta baya.

Saura bayan fage, inda mai saye ba zai gani ba. Bakin da falle zai hau kan falle ana fesa masa share fage mai tutiya kafin a haɗa. Bayan walda a rufe ƙarfen ciki da waje da share fagen efoksi, a bi kowane mahaɗi da danƙon toshewa, a zura dogon tiyo cikin akwatunan ƙarƙashin ƙofa da layukan ƙasa a fesa kakin da ke malala cikin lunguna. Ƙananan ramukan da kamfani ya bari a gindin ƙofofi da aljihunan baya don ruwa ya fita, su kuma a bar su a buɗe. Sau da yawa danƙo ko fenti ke toshe su a ƙarshen aiki, don haka kafin a mayar da shimfiɗa ana zuba ruwa a kan gilashin baya, mutum ɗaya na kwance cikin but da tocila yana duba inda zai ɗiga.