Ba Kowane Jan Ido Ne Apolo Ba

Shirin yau na ɗaliban likitanci ne da na jinya, amma kowa ya saurara.

In kaka ta yi a yankin Funtua da Malumfashi, ana girbin masara da dawa, ana sussuka, asibiti na cika da masu jan ido. Mafi yawansu kafin su zauna sun riga sun yanke hukunci: “Likita, apolo ne.” Sunan ma daga Ghana ya zo, a 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 ya sauka a wata. Apolo na gaske yakan kama ido biyu, da hawaye da ƙaiƙayi, za ka ji wasu a gidan ma sun kamu. Gani ba ya raguwa, kuma cikin mako ɗaya zuwa biyu ya wuce.

To ga inda matsalar take. Manomi ya zo da ido ɗaya jawur, yana zafi, ba ya son haske, gani ya dushe. Tambaye shi: “Baba, wani abu ya taɓa idon a gona?” Sau da yawa zai ce ganyen masara ne ya shafe shi, ko ƙaiƙayin dawa ya faɗa. Wannan ɗan ƙarzanen a kan baƙin ido shi ne ƙofar da fangas ke shiga, ya zama gyambo.

Fara gwada ganinsa, ido ɗaya-ɗaya. Sa fulorasin, ka haska da shuɗin haske. Wurin da ya ƙuje zai fito kore shar. In ka ga farin tabo mai baki kamar gashin tsuntsu, ko mugunya ta kwanta a ƙasan baƙin ido, wannan ya wuce na kemis.

Don Allah kar ka ba shi maganin ɗigawa mai sitiroyid, irin su dexamethasone. Jan zai ragu, Baba ya ji daɗi har ya sa maka albarka, fangas kuma yana ci ta ciki har idon ya huje. Ka tambaya ma ko an ɗiga nonon uwa ko ruwan albasa a gida, a hankali, ba da faɗa ba, in ba haka ba ba za su gaya maka ba.

Maganin irin wannan gyambo natamycin ne, amma sai likitan ido ya duba. Rubuta masa takarda a ranar, zuwa asibitin koyarwa na Shika a Zariya ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Ka faɗa wa ɗan rakiyarsa ƙarara: tafiyar ba ta jiran a gama girbi.